Zaren surfani a cikin mage: yadda tiyatar ta kasance, daga kwandon wanki har cire ɗinki

Saura kwana tara Ƙaramar Sallah aka kawo ta, a cikin kwandon wanki an ɗaure bakinsa da zane. Wadda ta kawo ta tela ce mai ɗinkin mata a cikin gida, tana tare da ɗanta, yaro ɗan kimanin shekara goma sha biyu. Ni likitan dabbobi ne, kuma yawancin aikina a kan shanu ne da tumaki da awaki da kaji. Amma a 'yan shekarun nan masu kawo mage da kare sun ƙaru, kuma da zarar na ambaci tiyata sai in ga fuskarsu ta canza, don babu wanda ya taɓa yi musu bayanin abin da kalmar take nufi a jikin dabba mai nauyin kilo uku. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta labarin wannan magen dalla-dalla.

"Likita, yau kwana uku ba ta sa komai a bakinta ba, sai amai," in ji Hajiya.

Na ce ta ba ni labarin tun daga farko, kada ta tsallake komai, har abin da take ganin ba shi da amfani. Ranar farko magen ta yi amai sau uku, da fari abinci, daga baya kumfa rawaya. Suka ɗauka ɓera mai guba ta ci, suka ɗura mata man ja. Rana ta biyu ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa. Wani maƙwabci ya ce a ba ta rabin farasitamol, aka niƙa aka zuba a madara, ta shinshina ta kau da kai. Da safiyar rana ta uku yaron ya ga wani koren zare ya leƙo daga duburarta. Ya kama ya ja kaɗan, magen ta yi wata irin ƙara, uwar ta buge masa hannu ta ce ya bari.

Abubuwa biyu a cikin wannan labarin su ne suka sa aka kawo mini ita da rai. Na farko, ƙin shan madarar nan. Hantar mage ba ta iya sarrafa farasitamol yadda ta mutum take yi, maganin sai ya ɓata jininta ya kasa ɗaukar iska, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura. Ƙwaya ɗaya ta manya tana iya kashe ta. Na biyu, hannun da aka buge.

Harshen mage yana da wasu ƙananan ƙayoyi da suka kwanta suna fuskantar maƙogwaro, su ne suke sa a ji kaushi idan ta lashi mutum. Idan zare ya shiga bakinta tana wasa da shi, ƙayoyin nan ba sa barin ta tofar, duk motsin da ta yi ciki yake ƙara tura shi. Sau da yawa sai wani ɓangare ya naɗe a gindin harshe ya maƙale, sauran ya wuce ciki ya shiga hanji. Hanji kuwa aikinsa turawa, yana ta ƙoƙarin tura abin da aka ɗaure daga sama. Tunda zaren ba zai tafi ba, sai hanjin ya riƙa hawa kansa yana tattarewa. Na ce wa Hajiya ta tuna yadda ƙugun wando yake tattarewa idan aka ja zariya. Nan take ta gane, don aikinta ne. Bambancin shi ne zaren siriri ne, kuma a miƙe yake kamar tsirkiya, yana goga bangon hanjin ta ciki har ya yanka shi. Idan ya huda, abin da ke cikin hanji sai ya zuba cikin ciki, ciki ya ruɓe. Wanda ya ja zaren daga waje da ƙarfi, shi ne zai ƙarasa yankan da hannunsa, a wurare da yawa lokaci guda.

Na auna ta: kilo 3.1, shekarunta wajen biyu. Zafin jikinta digiri 39.7, alhali na lafiyayyar mage tsakanin 38 ne da 39.2. Na ɗaga fatar wuyanta na saki, ta daɗe ba ta koma ba, dasashinta a bushe, alamar ruwan jikinta ya ragu sosai. Da na tausa cikinta a hankali sai na ji hanjin a dunƙule wuri ɗaya, ita kuma ta yi gurnani ta nemi cizo. Na tambaya ko an taɓa yi mata rigakafin ciwon haukan kare, aka ce a'a. Mutane da yawa suna zaton na kare ne kaɗai, alhali mage ma tana kamuwa tana kuma sa wa mutum, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos ta daɗe tana yin wannan rigakafin. Muka ajiye wannan sai ta warke. Na yi mata 'yar allura mai kwantar da jiki, na buɗe bakin na ɗaga harshen. Ga zaren nan, kore, ya naɗe gindin harshen har ya nutse cikin nama.

Ba mu da na'urar hoton ciki a wurinmu. Da abin ya shige mini duhu, da sai in tura su asibitin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri, inda ake da kayan aiki da ƙwararru. Shi zare ma ba ya fita a hoton, sai dai a ga yadda hanji ya tattare da yadda iska ta rarrabu a cikinsa. Allurar ɗinki ce take fita ɓaro-ɓaro. Hajiya ta tabbatar mini zaren keken surfani ne, babu allura a jikinsa. Ga kansa a baki, ga wutsiyarsa a dubura, ga hanji a dunƙule. Babu sauran abin da hoto zai ƙara mini sai ɓata awanni. Akwai lokacin da ake yanke zaren daga gindin harshe a zuba ido ya fita da kansa, idan abin bai daɗe ba kuma dabbar tana da kuzari. Wannan ta wuce nan: kwana uku, ga zazzaɓi, ga ciwon ciki.

Kafin in taɓa wuƙa na zaunar da Hajiya, kuma a ganina wannan zaman yana cikin tiyatar. Na gaya mata abu uku ne za mu iya tararwa. Ko hanjin bai huje ba, mu tsaga shi a wuri biyu ko uku mu zare zaren mu ɗinke. Ko wani sashe ya mutu, mu yanke shi mu haɗa bakunan. Ko kuma mu tarar ya huje ko'ina, ciki ya riga ya ruɓe, in fito in tambaye ta izinin kada mu tashe ta daga barcin. Na gaya mata maganin barcin kansa yana da haɗari. Wani babban bincike da aka yi a Ingila aka buga a 2008 ya nuna a cikin maguna masu lafiya wajen ɗaya cikin 900 take mutuwa ta dalilin maganin barci, amma a cikin marasa lafiya wajen ɗaya cikin 70. Wannan a can ne, inda kayan aiki suka wadata. Tata kuwa tana cikin marasa lafiya. Na rubuta mata kuɗin kashi biyu, na idan ba a yanke hanji ba da na idan an yanke, na nuna mata abin da ke ciki: ruwan da za a ƙara, maganin barci, zaren ɗinkin da jiki ke narkarwa, man janareta, kwanan da za ta yi a wurinmu. Duk likitan da zai yi wa dabbarka tiyata, haƙƙinka ne ya yi maka irin wannan bayanin kafin ka sa hannu, kuma haƙƙinka ne ka tambaya ko yana da rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa. Masu yawo da jakar allurai suna kiran kansu likita sun yi yawa.

Ta kira maigidanta ta sa wayar a fili. Ya gaisa da ni cikin mutunci, sannan ya ce, "Likita, don Allah ka gaya mini gaskiya. Mage ce fa. Ga Sallah a gaba. In an kashe wannan kuɗin za ta tashi?"

Na ce, "Alhaji, ban isa in yi maka alkawari ba. Abin da na sani, in ba a yi ba ba za ta kai Sallah ba, kuma mutuwar mai wahala ce."

Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Kuɗin ba ƙarami ba ne, kuma akwai gidajen da ba za su iya ba. Ga irin waɗannan, abin da nake roƙo shi ne kada a mayar da dabbar gida a bar ta ƙarƙashin gado ciki yana ruɓewa. Akwai allurar da ke raba ta da wahalar cikin minti kaɗan, kuma tausayi ne. Hajiya dai ta ce daga kuɗin ɗinkin Sallarta za ta biya. Ta ce zarenta ne, a ɗakinta aka haɗiye shi, kuma tana tsoron abin da aka faɗa game da matar nan da ta kulle kyanwa har ta mutu. Alhaji ya yi shiru, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Ba mu shiga nan take ba, kuma wannan yana ba masu dabba mamaki, suna ganin an ce gaggawa amma ana zaune. Dabbar da ruwan jikinta ya ƙafe, in aka sa mata maganin barci jininta sai ya faɗi, ƙoda ta samu matsala. Muka aske hannunta muka sa mata ƙarin ruwa ta jijiya na wajen awa uku, tare da maganin kashe ƙwayoyin cuta da na rage zafin ciwo. A tiyatar da aka tsara tun da wuri, irin ta hana haihuwa, akan ce a hana dabba abinci na awa shida zuwa takwas don kada ta yi amai tana barci ya shiga huhu. Ita wannan kwana uku cikinta babu komai.

Na guje wa zailazin, maganin da aka saba haɗawa da ketamin don sa dabba barci a wurarenmu, don yana sa mage amai yana kuma rage bugun zuciya. Na haɗa ketamin ɗin da dayazefam. Muka zura mata bututu a maƙogwaro, muka shafa mata man ido don ketamin yana barin ido a buɗe, muka jera robobin ruwan ɗumi a naɗe cikin tawul a gefenta, saboda ƙaramar dabba tana saurin yin sanyi idan aka buɗe cikinta. Mataimakina babban aikinsa tun daga farko har ƙarshe shi ne: ƙirga numfashi da bugun zuciya da duba launin dasashi. Aka tada janareta tun kafin a fara, ko da akwai wuta a lokacin.

Na tsaga tsakiyar cikin daga ƙasan ƙirji zuwa ƙasan cibiya. Ƙaramin hanjin ya tattare kamar yadda na kwatanta, kusan dukansa ya dunƙule ya cika tafin hannuna. Ruwan da ke cikin ciki ya ɗan yi duhu amma ba ya wari, na ji sanyi a raina. Mataimakina ya yanke zaren daga gindin harshe. Na tsaga tumbin kaɗan na fitar da ɓangaren sama, sannan na bi hanjin na tsaga shi a wuri biyu, kowane wuri in yanke zaren in zaro guntunsa a hankali, ba tare da na ja abin da ya ƙi tahowa ba. Hanjin ya riƙa warwarewa a hannuna. Daga nan aikin da ya fi cin lokaci ya fara: bin hanjin kaɗan-kaɗan ta gefen da jijiyoyin jini suke shiga, don a nan zare yake yanka, kuma kitse yana ɓoye ramin. Na samu wuri guda da ya yi baƙi-baƙi, da ƙananan huji biyu kusa da juna. Ina kyautata zaton nan ne jan da yaron ya yi ya ƙarasa, amma ban faɗa masa ba, kuma ban faɗa wa uwar a gabansa ba. Na yanke wajen santimita shida na haɗa bakunan da siririn zare, ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Na matse sama da ƙasa na ɗura ruwan gishiri da sirinji in ga ko zai tsiyaya, bai tsiyaya ba. Muka wanke cikin da ruwan gishiri mai ɗumi har ya fito fari, na jawo mayafin kitsen nan da ke lulluɓe da hanji, wanda duk mahauci ya sani, na rufe wuraren ɗinkin da shi don yana taimaka wa warkewa. Muka canza safar hannu da kayan aiki, muka rufe cikin hawa uku. Aikin ya ɗauki awa ɗaya da minti arba'in. Da muka jera guntayen zaren a kan tire, sun haura rabin mita.

Yaron ya so ya ɗauke ta su tafi da yamma. Na hana. Binciken nan na Ingila ya nuna fiye da rabin mace-macen ba a kan teburin suke faruwa ba, bayan an gama ne, yawanci cikin awa uku na farko. Mage mai farfaɗowa abin tausayi ce ga wanda bai saba gani ba: tana karkarwa, idanu a buɗe baƙi ƙirin, tana tangaɗi, wani lokaci tana kuka ba ta san inda take ba. Duk wannan yana wucewa. Washegari da safe muka ba ta dafaffen naman kaza da aka niƙa, cokali ɗaya, ta lasa. Da can akan hana abinci kwanaki bayan tiyatar hanji. Yanzu an gane hanji ya fi saurin warkewa idan abinci kaɗan yana bi ta cikinsa, kuma mage in ta daɗe ba ta ci ba kitse yana taruwa a hantarta ya zama wata cutar daban. Ta kwana biyu a wurinmu.

Ranar sallama na ba Hajiya magunguna da takarda, na sa wa magen kwalar roba mai kama da mazurari a wuya, na kuma ja mata kunne a kan abu guda. Ɗinkin hanji ya fi rauni daga rana ta uku zuwa ta biyar, lokacin da naman bai fara kamawa ba, zaren kaɗai ke riƙe da shi. Dabba tana iya yin kyau kwana biyu sannan ɗinkin ya saki. Na ce in ta ga amai ya dawo, ko ta ƙi abinci bayan ta fara ci, ko cikin ya kumbura, ko ta kwanta ta yi laƙwas, ta kira ni ko da tsakar dare ne. A kulle ta a ɗaki ɗaya inda babu abin hawa, ƙuda kada ya sauka a kan ciwon don yana yin ƙwai tsutsa ta fito. Kada a yi mata wanka. Kada a shafa toka, ko man shanu, ko baƙin mai, ko maganin wanke ɗaki irin wanda ke mayar da ruwa fari kamar madara, don irinsa guba ne ga mage kuma za ta lashe.

Daren rana ta huɗu, bayan an sauko daga tarawihi, wayata ta yi ƙara.

"Likita, ka yi haƙuri da dare. Wurin ɗinkin ya kumbura, kuma akwai ruwa-ruwa."

Gabana ya faɗi, don ranar da nake tsoro ke nan. Na tambaya ko ta ci abinci, ta ce ta ci. Amai fa? Babu. Ta yi kashi? Ta yi da rana, kaɗan. Na ce su kawo ta yanzu duk da haka. Da suka iso, babu kwalar a wuyanta. Ashe surukar Hajiya, tsohuwa, ta ga magen tana karo da bango tana kasa kai baki ga kwano, tausayi ya kama ta ta cire mata tun da azahar. Cikin 'yan awanni magen ta lashe wurin ta tsinke ɗinki biyu na fata. Zafin jikinta 38.9, cikin da laushi, ba ta jin zafi da na tausa. Kumburin ruwa ne ya taru ƙarƙashin fata, ɗinkin ciki yana nan daram. Na wanke, na sake ɗinki biyun, na mayar da kwalar.

Laifin a nan rabinsa nawa ne, kuma na ɗauki darasinsa da gaske. Hajiya kaɗai na yi wa bayani, alhali gidan mutum tara ne, kuma ita tana kan keke daga safe har dare saboda kayan Sallah. Ban kuma nuna musu yadda za a ɗora kwanon a kan wani abu ya ɗan yi tudu, a yi amfani da faranti marar zurfi, don mai kwala ta iya ci ba. Washegari na roƙi a ba ni tsohuwar a waya. Na ce, "Iya, na san tausayi ne ya sa. Amma harshenta kamar magagari yake, in ta samu wurin nan kwana ɗaya za ta buɗe cikinta." Ta ce ba ta sani ba, ta ce daga yau ita za ta tsare ta. Kuma ita ɗin ce ta tsare ta, a ɗakinta magen ta ƙarasa jinya.

Rana ta biyar ta wuce, ta shida ta wuce. Kashinta ya ɗan yi ruwa na kwanaki sannan ya daidaita. Santimita shida ba wani abu ba ne a tsawon hanjin mage, ba zai hana ta narkar da abinci ba. Rana ta goma sha biyu, kwana uku bayan Sallah, suka dawo cire ɗinki, yaron sanye da sabuwar shadda yana rungume da kwandon. Ciwon ya kame, gashi ya fara tsirowa. Nauyinta ya sauka zuwa kilo 2.9, na ce a ƙara mata abinci a hankali. Muka sa ranar rigakafin haukan kare bayan mako biyu. Hajiya ta tambayi batun tiyatar hana haihuwa, ta ce me ya sa ban haɗa ba tunda cikin a buɗe yake. Na ce ba a ƙara wa dabbar da ke tsakanin rai da mutuwa minti ko ɗaya a ƙarƙashin maganin barci, kuma ba a taɓa mahaifa a cikin da hanji ya zuba. Ta bari sai bayan wata biyu mu duba.

Na miƙa mata guntayen zaren a cikin 'yar leda. Ta ɗaga ta duba a haske, ta ce na wata doguwar riga ce da ta yi wa surfani a farkon azumi, ta tuna ranar da ta nemi ragowar ta rasa. Yanzu, in ji ta, duk zare yana cikin gwangwani mai murfi, yaron ne ke share ɗakin ɗinkin kowace yamma, kuma an sa wa ƙofar sakata.